Gurbin Inna a Sahun Kwasakwasa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Ɗan Kwasakwasa ne ya shekara bakwai a bakin teku. Da ya dawo tafkinsu, sai ya tarar da uwarsa, jakar wuyanta ta yamushe don yunwa.

Kun san yadda tsuntsayen kwasakwasa suke kamun kifi: jeruwa suke kamar baka, suna dukan ruwa da fiffike, su koro kifi gaɓa, kowa ya kwasa. To, fiffiken tsohuwa ya mutu, aka fitar da ita daga sahu.

Ɗan nata ya nufi Sarkin Su, shugaban sahun. "Baba, kuna ci, Inna tana haɗiyar yawu?"

"Kai, yawon duniya ya cinye maka kunya? Wanda bai daki ruwa ba, ba ya kwasa. Me ma tsohuwa take tarewa?"

"Haka ka ce? A ba ni gurbinta."

Da safe aka jeru, shi yana gurbin uwarsa, aka koro kifi, ruwa ya yi baƙi da karfasa. Sarkin Su ya wangale baki, sai saurayin ya yi fir ya tashi. Kifi suka ga ƙofa, suka zurare kaf.

"Ɗan banza, ka kashe mu!"

"Yini ɗaya ke nan, Baba! Shekara ashirin Inna tana toshe ƙofar nan da ƙirjinta. Gobe ma ni ne a wurin."

Tun ranar, kwasar farko ta tsohuwa ce.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa, ba don Gizo ba da na shara muku ƙarya.