Tsibirin da Baba Zai Iya Takawa

Akwai wata mai ɗaukar hoto da 'yan gidansu ke kira Auta. Hoton biki ne sana'arta, amma zuciyarta tana wajen tsuntsaye.

Gado ta yi. Mahaifinta ya shekara talatin yana kula da lambun itatuwa na gari. Tun tana ƙarama yakan tsayar da ita a gindin bishiya ya ce, "Yi shiru, ki faɗa min wa ke magana a sama." Shekara huɗu ke nan da idanun Baba suka rufe gaba ɗaya.

Ana nan sai wani hotonta ya ci gasar ƙungiyar masu hoton namun daji. Kyautar ita ce tafiyar mako guda ta mutum biyu, zuwa ɗaya daga cikin wasu tsibirai biyu can tsakiyar teku. Ita aka bar wa zaɓi.

Ta baza takardun bayanin tsibiran a teburin shagonta. Tsibiri na farko dutse ne, cike da aku kala-kala, ga ruwa yana zubowa daga ƙololuwa. Wanda duk ya je yakan dawo da hoton da mujallu ke rububi. Sai dai awa shida ake hawa, wani wurin ma da igiya.

Na biyu shimfiɗaɗɗe ne, daji mai duhu da hanyar katako a cikinsa. Tsuntsayensa ƙanana ne masu ɓuya. Sai ka wuni kana jin su, ko jela ba ka gani ba.

Yayanta ya leƙo shagon, ya duba takardun, ya kwashe da dariya.

"Wannan har abin tunani ne? Na farko mana! Ni zan raka ki, in riƙe miki jaka. Ko so kike ki tsufa kina cewa amarya ta ɗan karkato da kai?"

"Yaya, ni Baba nake tunani."

"Baba? Haba Auta, me zai gani? Kujerar jirgi guda kawai za ki ɓata."

Maganar ta yi mata zafi, kuma abin haushin shi ne ta san damar ba za ta sake zuwa ba. Wannan tafiyar ce za ta iya raba ta da hoton biki har abada.

Da ta koma gida ta karanta wa Baba takardun duka biyu. Ya ce, "Je ki mai dutsen, 'yata. Can aikinki yake."

Can kuma sai ya ce, "Ɗan sake karanta min na biyun." Ta karanta. Ya sa ta ƙara. A na uku ya karkata kai ya ce, "Ba su rubuta yadda suke kuka ba?"

Auta ta tashi ta cike takardar tafiyar, ta rubuta tsibiri na biyu, ta sa sunan mahaifinta a matsayin abokin tafiya.

Kada in yi muku ƙarya, kwana ukun farko ba su yi daɗi ba. Ruwan sama safe da yamma. Duk hoton da ta ɗauka ganye ne da reshe. Har sai da ta laɓe a bayan bukkarsu ta yi kuka, tana tambayar kanta ko Yaya ne ya fi ta gaskiya. Baba kuwa yana zaune a baranda yana ta murmushi, kamar wanda aka kai gidan biki.

Rana ta huɗu suna karyawa, jagoran dajin ya kunna musu wata murya a wayarsa. Ya ce kukan wani ɗan tsuntsu ne da masu bincike suka shekara shida suna nema, har wasu sun fara cewa ya ƙare.

Baba ya ce, "Sake kunnawa, ɗana." Ya saurara sau biyu, ya ci gaba da shan shayinsa.

Washegari da safe suna tafe a kan katako, hannun Baba a kafaɗarta, sai ta ji ya matse ta.

"Tsaya. Ga shi can."

Jagora ya kasa kunne, ya girgiza kai cikin ladabi. "Baba, wannan ai na ko'ina ne. Kukansu ne ya yi kama."

"Ya yi kama, amma ba shi ba ne. Na ko'inan sau uku yake yi ya tsaya. Wannan sau huɗu yake, na ƙarshen kuma a shaƙe. Ku a sama kuke nemansa, shi kuwa yana ƙasa."

Ya laluba ya kama gwiwar hannun Auta, ya juya ta hagu, ya sunkuyar da ita. A tsakanin saiwoyi ta hango shi, bai fi babban yatsa biyu ba. Ta saita kyamara ta danna.

Da jagora ya duba hoton, zama ya yi daɓas a kan katako. Ya fiddo littafinsa ya ce, "Sunan wa zan rubuta ya gano shi?"

Auta ta ɗaga kai. "Rubuta sunan mahaifina. Ni dannawa kawai na yi."

Tun da take ba ta taɓa jin alfahari irin na wannan safiya ba. Mujallu sun buga hoton daga baya da sunayensu biyu, Yaya kuma ya bi unguwa gida-gida yana nunawa yana cewa, "Tsohonmu ne fa!" Wa ya ga Yaya!

Amma a can kan katakon, Baba bai tambayi mujalla ba. Jawo ta ya yi kusa da shi ya ce, "Auta, na ji shi. Saura ke. Faɗa min launinsa, a hankali, tun daga kai."

Ta share hawaye, ta fara.

Darasi: Kada ka auna mutum da abin da ya rasa, ka duba abin da Allah ya bar masa. Kuma idan zaɓi ya zo maka, ka zaɓi inda iyayenka za su iya taka ƙafa tare da kai. Ku tura wannan ga duk wanda iyayensa ke raye, ko ya tuna ya tafi da su.