Gefen Da Ke Kallon Titi

An yi wani mutum mai motar haƙa ƙasa, irin mai dogon hannu da bokiti mai haƙora, wadda ke tafiya a kan sarƙar ƙarfe maimakon taya. Matsakaiciya ce. Da ita yake ciyar da iyalinsa da mahaifiyarsa, ƙanensa kuma shi ne direbanta. Mai Katafila ake ce masa, yana kuwa jin daɗin sunan.

Wata shekara mutanen wata unguwa suka gaji da ruwan da ke kwanciya kusa da gidajensu, suka yanke shawarar haƙa magudana. Wurin aikin tsiri ne, titi ta hagu, kwarin laka ta dama. Ko mutum ya taka sai ƙasar ta riƙe masa takalmi. Shugaban unguwar ya ce ba zai ba da aikin ba sai ga wanda motarsa ke da sarƙa mai faɗi, domin faɗin ne ke raba nauyi ya hana nutsewa.

Mai Katafila ya ce tasa a shirye take. Alhali a lokacin odar farantan ƙarfe masu faɗi kawai ya bayar, waɗanda ake ɗaurawa a kan sarƙa, masu aikin suna ce musu takalma. Da kayan suka iso sai aka ga rabi ne, na gefe ɗaya. Mai sayarwa ya ce a yi haƙuri, sauran suna hanya.

Ya 'yan uwa, mene ne wahalar cewa ban shirya ba? Amma akwai wani mai mota da ke neman aikin, wanda a hannun Mai Katafila ya koyi tuƙi. A ce tsohon yaronsa ya karɓe masa aiki? Wannan ne zuciyarsa ta kasa haɗiyewa.

Ya shiga gareji, ya kwance tsofaffin takalman gefen hagu, ya ɗaura sababbi. Noti bayan noti ya bi da hannunsa, bai bar ko ɗaya da sako-sako ba. Har wanke gefen ya yi.

Ƙanensa ya zagaya motar, ya fashe da dariya. "Yaya, yau kuma takalmin but a ƙafa ɗaya, silifa a ɗaya za mu sa mata?"

"Kai dai ka tuƙa," in ji shi. "Ka bi gefen titi, kada ka kuskura ka juya ta."

"In ta gurɗe fa?"

"Ni na haifi motar nan ko kai?"

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mutumin nan ba jahilin aikinsa ba ne. Ya san ƙasar gefen titi ta fi tauri. Ya san inda ke buƙatar faɗin shi ne gefen laka. Amma mutane ba sa tsayawa a cikin laka, a kan titi suke tsayawa. Saboda haka can ya sa.

Shugaban unguwa ya zo, ya duba, ya sa albarka. Aka fara aiki, jama'a suna yabon sababbin takalma suna ƙyalli a rana. Babu wanda ya lura motar tana ɗan karkata, sai direban da yake jin kujerarsa tana zamewa. Ya leƙo ya ce, "Yaya, tana jan dama." Yayan ya ɗaga masa hannu: ci gaba.

Da la'asar direban ya ciko bokiti, ya juya dogon hannun wajen kwari zai zubar. Nauyin duka ya koma kan siririyar sarƙar. Ƙasa ta buɗe mata baki. A hankali motar ta kwanta, kowa yana kallo, babu mai iya komai.

Waɗanda suka shiga laka don ciro direban, da hannunsu suka laluba tsofaffin takalman. Kafin a kai shi asibiti unguwa duka ta ji. Ya rayu, amma ƙafar da ƙofa ta danne ba ta sake taka birki ba. Mahaifiyarsu ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce wa Mai Katafila, "Amanarsa na ba ka," ta juya fuska.

Injin ya sha laka. An kawo mota ta ja, igiya ta tsinke. Aikin ya koma hannun tsohon yaron nan. Sauran takalman sun iso daga baya, suna nan jibge a gareji.

Motar tana kwance a wurin har yanzu. Gefen da ya gyara shi ne a sama, da faɗinsa da kyansa, ba ya taka komai.

Ya 'yan uwa, mu nawa ne haka? Muna gyara abin da ido zai gani, mu bar inda nauyinmu yake. Mai ha'inci yana zaton mutane zai ruɗa, ya manta ƙasa ba ta kallo, ɗauka take yi. Kuma ba shi kaɗai ke faɗuwa ba, da wanda ya yarda da shi suke tafiya.

Allah ya kiyaye mu daga gyaran ganin ido, ya sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu ƙarfi. Amin.