Kitson Phoebe da Ƙwallon Ƙarfe

Akwai wani tsohon saje a Unguwar Boro mai suna Bitrus, wanda ya ajiye kaki a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Ya bar bariki, amma a gidansa ba a tambaya. 'Yarsa Phoebe ta roƙe shi ta shiga ajin kimiyya, ya ce ajin kasuwanci za ta shiga, ya rufe maganar.

Wata Asabar cocinsu ta kai matasa wani gidan baje kolin kimiyya a Kakuri. Aka haɗa su da Bitrus don ya tsawata.

"Hannu a baya! Kada wanda ya taɓa komai!"

Samuel, mai zagayawa da baƙi, ya yi murmushi. "Baba, nan taɓawa ake yi."

Ya nuna musu wani ƙwallon ƙarfe, ya ce in aka kunna shi aka ɗora hannu, gashi zai miƙe. Samari suka gwada, duk da askin kwal-kwabo. 'Yan mata suka gwada, duk da sabon kitson Lahadi. Ba abin da ya motsa.

"Ya lalace," in ji Bitrus, "kamar komai a ƙasar nan. Mu wuce."

Aka yi dariya. Samuel ya fara zufa.

"Baba, bai lalace ba," in ji Phoebe. "Na ga gashin hannuna ya tashi. Na kanmu ne a ɗaure."

"Wa ya tambaye ki?"

Ta zauna a benci ta fara tsefe kitson da uwarta ta wuni tana yi. Wata ƙawarta ta ce, "Yau Mama za ta yanka ki," amma ta miƙo mata mataji.

Phoebe ta hau wani dandamalin roba da ke gaban ƙwallon, ta ɗora hannu. A hankali gashin ya tashi, sili-sili, ya buɗe kamar laima. Wurin ya kaure da ihu.

Bitrus ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ga wani baƙo da ke gefensa.

"'Yata ce."

A mota ya ce mata, "Litinin ki shiga ajin kimiyyar. Maganar kitso kuwa, ni zan yi wa uwarki bayani."

Darasi: Kafin ka ce abu ya lalace, saurari wanda ya lura da kyau, ko da ɗanka ne. Ku tura wa iyayen da har yanzu ba a tambaya a gidajensu.