Asarar da Datti Ya Ɗora wa Injin Bulo

Datti mutum ne mai ƙwazo, wannan babu musu, amma Allah ya jarrabce shi da ƙin a ce ya yi kuskure. Bayan yaƙin basasa ya ƙare, Hausawan da suka koma Fatakwal sun tarar da rumfunansu sun zama toka. 'Yan goro da mahauta su ashirin da bakwai suka tattara ɗan abin da ya rage musu, suka kafa kamfanin ƙera manyan injuna, suka naɗa Datti manaja saboda shi ya yi boko. Abu biyu suke ƙerawa, injin buga bulo da bodin tifa.

Kuɗin mai ya shigo, gine-gine suka tashi ko'ina. Injin bulo kafin fenti ya bushe an saye shi. Amma ran Datti yana kan tifa, domin manyan 'yan kwangila ke zuwa saye, suna ce masa Oga Datti, shi kuwa kai na ƙara kumbura.

Wata rana Lucas, akawun kamfanin, ya raba lissafi gida biyu ya ajiye a gabansa.

"Manaja, duba nan. Kowace tifa muka sayar, asarar naira ɗari huɗu muke yi. Injin bulo ne ke ɗauke da mu."

Datti ya ƙura wa lissafin ido. Shi ya dage a kan tifa, shi ya ciwo bashin banki dominta, ga taron masu hannun jari saura kwana tara.

Ya ce, "Kwashe kuɗin ƙarfe da albashin masu waldar tifa ka mayar littafin injin bulo. Ai duk aljihu ɗaya ne."

Lucas ya ce, "Gaskiya, Manaja, hannuna ba zai rubuta wannan ba." Ya ajiye makulli ya bar aikin. Datti ya rubuta da hannunsa.

A harabar masallaci ake taron, bayan la'asar. Al'adarsu ita ce, duk abin da aka yanke aka shafa masa Fatiha, ba a sake tayar da shi. Datti ya karanta lissafinsa, yana zaton za a yaba a watse. Sai Alhaji Gimba, dattijon mahauta, ya gyara zama.

"Madalla da wannan bayani. Mu ba mu yi boko ba, amma mun gane. Tunda injin bulo ke cin kuɗinmu, a rufe shi, a sayar da kayansa, a zuba komai a tifa."

Datti ya dubi takardar da ke hannunsa. Magana ɗaya ce za ta ceci kamfanin, amma maganar ita ce "ƙarya na yi".

Daga gefen mata Hajiya Baiwa, wadda mijinta ya rasu a yaƙi, ta ce, "Datti ɗana, gadon marayuna ke ciki. Ka tabbata haka lissafin yake?"

Ya dubi fuskokin da suka yarda da shi. Tsoron kunya ya fi ƙarfinsa.

"Haka yake, Hajiya."

Liman ya ɗaga hannu, aka shafa Fatiha, har da Datti.

Daga ranar bai sake samun natsuwa ba. Ana koran masu neman injin bulo a bakin ƙofa yana kallo. Duk tifar da ta fita, ma'aikata su yi murna, shi gabansa ya faɗi, domin shi kaɗai a cikinsu ya san kowacce tana tafiya da naira ɗari huɗu. Ya rame, abinci ya ƙi shiga. Bayan wata goma sha ɗaya banki ya garƙame ƙofa, masu hannun jari suka tashi da kwabo takwas a kowace naira.

Babu wanda ya zarge shi, ƙaddara suka ɗauka. Hajiya Baiwa, ranar da za ta hau mota ta koma Arewa da marayunta, sai da ta biya gidansa jaje.

Ta ce, "Kada ka sa wa ranka damuwa, ɗana, ka yi iya ƙoƙarinka. Allah ya saka maka daidai da abin da ka yi mana."

Datti ya buɗe baki, amma amin ta ƙi fita.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba amanar dukiyar jama'a, ya nuna musu ribar kowane sashe da asararsa yadda suke. Da abin da ka faɗa musu za su yanke shawara. In ka ɓoye kuskurenka don gudun kunyar yini ɗaya, da hannunsu za su rushe abin da ke ciyar da su, alhakin kuma yana wuyanka.