Farin Dutsen Gonar Gado

Akwai wani bakanike da mutanen unguwarsu suke kira Ai-Na-Sani. Ba a banza ya samu sunan ba. Duk maganar da ka ɗauko, kafin ka kai rabi zai ɗaga maka hannu ya ce, "Ai na sani." Ko likita ne yake masa bayanin magani, shi zai ƙarasa masa.

Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gona ɗaya, shi da ƙanwarsa Auta. Takardun gonar suna hannunsa, amma Auta ce take nomawa. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, daga gonar nan suke ci.

Wata shekara Auta ta sa a haƙa rijiya a gefen gonar don ta yi lambu. Da aka yi zurfi, masu haƙa suka tarar da farin dutse, jikinsa cike da wani abu rawaya mai ƙyalli. Ta ƙulle guda a bakin mayafinta ta kai wa yayanta gareji.

Yana gani ya miƙe tsaye. "Zinare ne!"

"Yaya, ko mu kai a duba mana tukuna?"

"Ni za ki koya wa ƙarfe? Shekara ashirin ina cikinsa."

Kafin yamma duk layin ya ji labari. Ya raba kayan aikinsa ga maƙwabta, ya ce shi da baƙin mai sun yi bankwana. Ya ɗauki lebura, suka tumɓuke rabin shukar Auta suna haƙa, tana kallo.

Da aka cika buhu, ya gayyaci abokansa biyu su raka shi wajen wani tsohon maƙerin zinare a kasuwa. Auta ta biyo su a baya. Shagon ƙarami ne, teburi ɗaya, ma'auni a cikin gilashi, sai benci da wani baƙo mai sayen duwatsu yake zaune a kai yana jiran aikinsa.

Tsohon ya ɗauki dutsen ya juya shi. Ya ɓalle ƙwaya ɗaya daga cikin masu ƙyallin, ya ɗora a maƙera, ya buga mata guduma. Nan take ta tarwatse ta zama gari, wani wari kamar na ashana ya tashi.

"Ka gani ko, ɗana? Zinare ba ya fashewa. In ka buge shi bajewa yake, don laushi gare shi."

Ya goga wata ƙwayar a bayan fasasshen tayil na daɓen ɗaki, ta bar baƙin layi. Ya goga wani zobe kusa da shi, ya bar layi rawaya.

"Dubi siffarsa ma, duk kusurwa kamar an yanka da wuƙa. Kuma ba shi da nauyin zinare. Wannan shi masu haƙa suke kira zinaren ƙarya."

Ɗaya daga cikin abokan ya kasa riƙe dariya. "Alhaji mai zinare, a dawo maka da sifanunka?"

Kunya ta rufe Ai-Na-Sani. Tsohon ya ɗago hannu. "Amma tsaya ka ji, ban gama ba..."

"Ai na sani!" Ya shuri buhun da ƙafa ya fice.

Auta ta tsaya tana ba da haƙuri. Tsohon ya ce mata, "'Yata, yayanki ya ji rabi ya tafi. Zinaren gaskiya da na ƙarya sau da yawa gida ɗaya suke, musamman a cikin farin dutse irin wannan. Na ƙaryar shi ke fitowa fili yana ƙyalli, na gaskiyar yakan ɓuya ƙanana-ƙanana, wani lokaci ma a cikin na ƙaryar. Ba kullum ake dacewa ba. Amma ku daka dutsen, ku wanke garin a faranti. In akwai, zai kwanta a ƙasa saboda nauyinsa."

Baƙon da ke kan benci ya yi kamar hankalinsa ba ya wajen. Sai dai ya ji komai.

Washegari da sassafe Auta ta je ta gaya wa yayanta. Bai bari ta ƙarasa ba.

"Wato dariyar jiya ba ta ishe ku ba? Kar ki sake yi mini maganar dutsen nan."

Bayan mako ɗaya baƙon ya zo gareji, ya ce yana son gonar, wai tsakuwa zai riƙa fasawa. Ai-Na-Sani ya yi murna a ransa, ya samu wanda zai sauke wa abin kunyarsa.

Auta ta durƙusa a gabansa tana kuka. "Yaya, don girman Allah ka ba ni wata ɗaya. Turmi kawai nake buƙata da faranti. In babu komai, ka sayar."

"Ni ne babba, kuma na gama magana."

Ya sa hannu a takarda, ya aika mata da rabonta a leda.

Ba a yi wata shida ba aka kewaye gonar da waya. Aka kawo injin niƙa dutse, aka sa mai gadi a ƙofa. Labari ya bazu cewa an samu zinare, na gaske.

Shi kuwa kuɗin gonar sun narke a hannunsa. Masu kawo masa gyara sun riga sun koma wajen wasu. Ya daina zama a majalisa, don da ya iso sai a yi shiru, a fara ƙunshe dariya.

Wata rana da yamma ƙafarsa ta kai shi bakin wayar. Mai gadi ya hana shi matsowa. Yana tsaye ma'aikata suka fara fitowa a layi, ana laluba kowa. A cikinsu ya hango Auta. Ta rame, hannayenta sun tsattsage saboda zama cikin ruwa.

Ta gaishe shi kamar yadda ta saba. Ya amsa, sannan ya tambaye ta.

"Auta, da gaske akwai?"

"Akwai, Yaya. Ni nake wanke shi da hannuna, wani yake ɗauka." Ta waiga ta kalli ƙofar. "Kullum sai an caje ni kafin in fita daga gonar ubana."

Ya so ya ce ta yafe masa, sai ta riga shi magana.

Ta gyara mayafinta. "Bari in wuce, yara ba su ci komai ba tun rana."

Ta tafi ba ta waigo ba. Mai gadi ya ce masa, "Malam, matsa daga nan, za mu rufe."

Darasi: Girman kai yakan yaudari mutum sau biyu. Ya sa ya rungumi ƙarya don tana ƙyalli, sannan ya sa ya yar da gaskiya don an kunyata shi. Ka saurari masani har ya kai ƙarshen maganarsa, kuma kar ka yanke hukunci cikin fushi a kan abin da wasu suke da haƙƙi a ciki. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana dab da sa hannu a takardar da zai yi nadama.