Buhunan Alhaji Sambo

An ce wai a wata kasuwar hatsi an yi wani fatoma, Malam Ilu, wanda baƙin fatake ke sauka a gidansa. A al'adar kasuwar, fatoma ke ciyar da baƙo, ya adana masa kaya, ya kuma tsaya masa. In baƙo ya ci bashi ya gudu, fatoma ke biya.

Wata kaka wani baƙo ya sauka, babbar riga tana ta ƙamshi, ya ce sunansa Alhaji Sambo. Ya sayi citta da kuɗi hannu, ya sa aka rubuta Sambo da jan fenti a jikin kowane buhu, aka jibge a ɗakin ajiyar Malam Ilu. Ganin haka kowa ya saki jiki da shi. Sai ya ɗauki riɗin wata 'yar kasuwa, Hajiya Kande, mota guda, ya rubuta mata cek, ya sayar a wani gari, bai dawo ba. Da ta je banki aka ce ba a san mai wannan suna ba, takardar ma ta jabu ce. Malam Ilu ya rasa abin biya in ba gidansa ba, har masu saye sun fara leƙowa.

Kwaɗayi bai bar baƙon ba. Ya aiko direba ya kwaso cittar a ɓoye, aka bi direban har aka kamo baƙon. A gaban Alƙali Mu'azu ko gezau bai yi ba, ya ce:

"Allah ya gafarta Malam, ni sunana Haladu. Ban kwaikwayi sa hannun kowa ba, don babu wani Sambo a duniya. In shi ake bi, a je a nemo shi."

Malam Ilu ya fara fid da rai, don alƙali sai gyaɗa kai yake yi kamar maganar ta shige shi. Can alƙalin ya tambayi sunan da ke jikin buhunan cittar, aka faɗa masa.

"Madalla," in ji alƙali. "Ba mu sami Sambo ba, amma mun sami dukiyarsa. A sayar a biya Hajiya, abin da ya saura a ajiye masa har ya bayyana. Haladu, ba ruwanka, kana iya tafiya."

Haladu ya yi taku biyu ya tsaya. Cittar nan ta fi riɗin tsada nesa ba kusa ba, kuma ita ce duk jarinsa. Ya juyo ya ce ai da kuɗinsa ya saye ta.

"To kai ne Sambo ke nan," in ji alƙali. "Ba za ka amsa sunan wajen karɓa ka ƙi shi wajen biya ba. Hannun da ya ci tuwon bawan Allahn nan shi ya riƙe biro."

Aka biya Hajiya Kande, aka wuce da Haladu gidan yari. Malam Ilu ya durƙusa zai yi godiya, kuka ya ci ƙarfinsa, sai "Allah ya saka, Allah ya jiƙan mahaifa" yake ta maimaitawa. Da ya koma gida ya dafa bangon zaurensa ya yi hamdala, ya sa aka dafa shinkafa aka raba wa maƙwabta. Baƙi kuwa bai daina saukar da su ba, sai dai yanzu yakan tambayi wanda ya san su.

Mutum na iya aron suna, amma alhakin abin da ya aikata da shi a wuyansa yake kwana.