Tambarin da Ya Shekara Ashirin da Takwas a Madafa

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Fort Portal, can inda gonakin shayi suka ƙare, sunanta Tibakanya. Empaako ɗinta, wato sunanta na girmamawa, Atwooki. A masarautarsu ta Tooro duk mai ganin girmanka da empaako yake kiranka. Wanda ya kira ka da sunanka tsirara, to ya gaya maka matsayinka a wurinsa.

Mijinta Rwaheru ya gaji riƙon wani ƙaramin tambarin fada daga ubansa. Tare da tambarin aka ba kakansu gonar ayaba, bisa sharaɗi guda: mai kula da tambari shi ke cin gona.

Shekarar da gwamnati ta soke sarauta, Rwaheru ya cusa tambarin a buhu, ya ɗaure a keke ƙarƙashin lodin ayaba, ya kawo gida. Ya rasa inda zai sa shi.

Atwooki ta ce, "Kawo nan madafa. Wane soja ne zai zubar da girmansa ya shiga ɗakin girkin mace?"

Ta rataye shi a rufi, saman murhu. Duk tsayuwar wata sai ta sauko da shi, ta shafe fatar da man shanu, ta mayar.

Rwaheru ya mutu, aka binne shi cikin ayaba. Bayan shekaru ɗansu tilo, Kisembo, ya dawo daga Kampala a rame kamar kara. Wata huɗu ya yi. Aka haƙa masa kusa da ubansa.

Ba ta yi kuka ba. Mata suka ce taurin zuciya gare ta. Ni da na san ta, na ce ba tauri ba ne. Abin ji ne ya ƙare. Ta ci abinci ba ta san ko da gishiri ba. Ruwa ya dake ta a gona ba ta nemi mafaka ba. Tambarin ma ba don ƙauna take shafa shi ba, hannu ne ya saba.

Da aka dawo da sarauta, gari ya yi ta rawa kwana da kwanaki. Ita tana cire ciyawa. Bayan shekara biyu sarkin ya rasu, aka ce ɗansa mai shekara uku za a ɗora. Sai shela ta zaga ƙauyuka: duk mai kayan fada a hannunsa ya kawo kafin ranar naɗi, a rubuta sunansa a matsayin mai riƙo.

Kwana biyu da shelar sai ga Bagonza, ƙanin mijinta, tsohon akawu a birni, empaako ɗinsa Araali. Farar kanzu, wato doguwar riga, kwat a sama, takalmi yana ƙyalli. Ya tsaya nesa da ƙofar madafa.

"Tibakanya! Fito min da kayan gidanmu."

"Sannu da zuwa, Araali. An zo lafiya?"

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Tambarin."

"Ga shi can sama. Shigo ka ɗauka."

"Ni? In shiga madafa? Na yi miki kama da mai tuƙa tuwo?"

Ta hau kujera ta sauko da shi. Ya leƙa buhun, ya ja da baya saboda baƙin hayaƙi.

"Kin dai san abin da ke bin tambarin nan."

"Na sani. Gona."

"To idan an rubuta sunana, ki fara tuna hanyar gidanku. Wata guda na ba ki."

"Kaburburan fa?"

"Matattu ba sa cin ayaba. Gobe da safe ki ɗauko shi ki biyo ni. Ba zan ɓata kanzuna da wannan dauɗa ba."

Ta ce to. Ta koma kan tuwon tamba da ta bari a wuta. Ya ƙone. Haka ta ci shi.

Washegari ta ɗora buhun a ka, ta bi shi har tudun fada, shi a gaba yana gaisawa da manya, ita a baya. Da suka isa ta sauke a gaban rumfa, ta koma gefe ta zauna a ciyawa. Ba ta jin haushi. Tana dai tunanin ko ta ɗaure akuyarta inda inuwa za ta same ta.

Mai karɓar tambura wani tsoho ne, Tinkasimire, empaako ɗinsa Apuuli. Idonsa ya kusa tafiya, da hannu da hanci yake aiki. A bayansa an tara tamburan da aka kawo, yawancinsu sun ruɓe.

Bagonza ya gyara kwat, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Apuuli, shekara ashirin da takwas yana cikin kabad ɗina na gilashi, a falo, ƙarƙashin hoton sarki. Ko ƙuda bai taɓa sauka a kansa ba."

Tsohon ya shafa fatar. Ya danna ta da babban yatsa. Ya sunkuya ya shaƙa, ya daɗe yana shaƙa.

"Araali, falon naka da itace ake kunna shi?"

Dattawan da ke rumfar suka yi dariya.

"Ina jin hayaƙin murhu. Ina jin wake, ina jin busasshen nama. Ga man shanu ya ratsa fatar har ciki, ba shafar jiya ba ce. Ka ga waɗancan a bayana? Su ne 'yan falo da 'yan ƙarƙashin gado. Gara ta gama da su. Wannan hayaƙi ne ya tsare shi. To gaya min a gaban maza: kana shiga madafa?"

Bagonza ya dubi dattawa. Dattawa suka dube shi. In ya ce e, gobe har yaran kasuwa sai sun kira shi mai tuƙin tuwo.

"Allah ya kiyaye! Ni ɗa namiji, tunda aka haife ni ban taɓa..."

"To ba kai ba ne. Wa ya ɗauko shi?"

"Wata ce kawai. Dako ta yi min."

"A kira min mai dakon."

Aka taso ta. Ta durƙusa.

"Mama, empaako ɗinki?"

Ta manta rabon da wani ya tambaye ta.

"Atwooki."

"Ba ni hannunki, Atwooki."

Ya kai tafin hannunta hancinsa. Ya saki. Ya juya wajen mai rubutu.

"Rubuta. Tibakanya Atwooki, matar Rwaheru. Tambari nata, gona tata."

Bagonza ya yi tsalle. "Mace ce fa, Apuuli! Ba ma jinin gidanmu ba ce!"

"Shekara ashirin da takwas tana shan hayaƙi ba ka tuna mace ce ba. Matsa, kana tare min iska."

Bagonza ya sauka daga tudun shi kaɗai. Babu wanda ya raka shi da ko empaako.

Kuna jira in ce ta yi guɗa ko ta fashe da kuka. Ba ta yi ba. Ta ce na gode, ta naɗe buhunta, ta tafi wajen akuyarta.

Ranar naɗi Apuuli ya aika aka zo da ita, aka zaunar da ita kusa da makaɗa. Jama'a sun rufe tudun. Ba ta ko hango yaron da ake ɗorawa ba, sai ƙeyar mutane da laimomi. Manyan tambura suka fara, ƙasa tana rawa. Can sai wani makaɗi ya ɗauki ƙaramin, ya sa masa sanda.

Murya siririya, mai kaifi, ta haye saman sauran duka.

Atwooki ta ɗaga kai. Duk shekarun nan a ɓoye yake, buga shi laifi ne. Ta san nauyinsa, ta san warinsa, ta san inda fatar ta ɗan karce. Amma ba ta taɓa jin sa ba.

Ta ce, ba da kowa ba, "Ashe haka muryarsa take."

Ba ta tsaya cin abinci ba. Ta sauka, ta kama hanya. Da ta isa gida ta wuce ɗaki, ta shiga cikin ayaba, ta zauna tsakanin kaburburan biyu, ta miƙe ƙafa.

"An buga shi," ta ce musu. "Ni ma ba inda za ni."

Yaron nan ya girma a kan kujerar, har yau shi ne Omukama, sarkin Tooro. Atwooki kuwa tana kwance a gonar, ta uku a jere.

Darasi: Aikin da ka yi a ɓoye yana da wari, kuma akwai mai hancin da zai gane shi. Wanda ya raina wurin da aka sha wahala, ba ya da rabo a ladan wurin. In kana da wata a gidanku da ke riƙe da amana ba mai ce mata sannu, je ka gaishe ta da sunan da take so tun tana ji. Ku tura wa wasu, ko mai farar kanzu zai gani ya shiga taitayinsa.